Daren Sabo da Daren Mokola

Duk wanda ya zauna a Badun ya san kowace kasuwa da abin da ake zuwa nema a cikinta. Mai neman atamfa da leshi Gbagi yake nufa, mai neman wake, barkono da albasa ya tafi Bodija, harkar banki da manyan shaguna kuma sai Dugbe. Amma duk waɗannan na rana ne. Da magariba ta kawo jiki kowa ya ja ƙofar shagonsa, har Dugbe ma sai ka ga ta yi tsit.

Cikin unguwannin da ba sa barci da wuri akwai mu nan Sabo da maƙwabciyarmu Mokola, sai dai daren kowacce daban. Na Mokola, mashaya ce da kiɗa da otal-otal. Namu kuwa, tukubar tsire da balangu, teburin mai shayi, fura da nono, da kilishi. Bayerabe zai ɗauko matarsa da 'ya'yansa ƙarfe 10 na dare ya zo sayen tsire hankalinsa kwance. Wannan yarda ba jiya aka same ta ba, tun kafa Sabo a 1916 iyayenmu ke tara ta.

To amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Masu wuraren shaƙatawa na Mokola, duk da ba ma goyon bayan abin da suke sayarwa, sun fi mu iya karɓar baƙo: ga fitila, ga kujera, ga wuri a share. Mu fa? Nama mai daɗi, amma a bakin kwata mai wari, babura sun tare hanya, hayaƙin janareta na shiga idon mai saye. Wasunmu kuma da sun ji harshen mutum ba namu ba ne sai kuɗin kaya ya hau. Haba jama'a, wannan ai cin amana ne.

Abin da ya fi damunmu shi ne, mun ƙi koyon tsaftarsu, mun ɗauko abin da ba shi ba. Shagunan caca sun shigo lungunanmu, gidajen kallon ƙwallo ba sa tashi sai tsakar dare, ana miƙa ƙwaya a bayansu. Sakamakon muna ganinsa a sahun Asuba, tsofaffi zalla.

Kada mu manta, a garin mutane muke. Rikicin kasuwar Shasha na 2021 daga 'yar gardama ya faro, ya ci rayuka da dukiya. Yaro ɗaya da ya bugu zai iya jawo mana irinsa.

Shawararmu ga fadar Sarki da kwamitocin masallatai: a sa wa gidajen kallo lokacin rufewa, masu gidaje su daina ba 'yan caca haya, kowane mai tukuba ya gyara kwatar gabansa ya sa fitila, farashi kuma ya zama ɗaya ga kowa.

Allah Ya tsare mana mutuncinmu, Ya shirya mana zuri'a. Amin.