Tsokaci Kan Ra'ayin Behe Game da Sauyin Ƙwayoyin Gado

Maƙasudin wannan takarda shi ne auna wata da'awa da Michael Behe, malamin Jami'ar Lehigh ta Amurka, ya kafa littafinsa Darwin Devolves a kanta a 2019, wato cewa sauyin da kan auku ga ƙwayoyin gado na halittu, ko da ya amfane su, galibi rushe abin da ke akwai yake yi, ba ya ƙaro sabon bayani.

Wajibi ne a fara ba marubucin haƙƙinsa, domin rushewa ta fi gini sauƙi. Sikila, wadda ta yawaita a ƙasar Hausa, shaida ce: harafi ɗaya tak ya sauya a ƙwayar da ke sarrafa furotin ɗin jini, kuma Allison ya nuna a 1954 cewa wanda ya gaje ta ta ɓangare guda yana samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro. An sami amfani, amma ta hanyar naƙasa.

To amma yawan rushewa ba ya tabbatar da rashin gini, kuma a nan ne hujjar ta yi rauni. Tun a 1970 Susumu Ohno ya bayyana muhimmancin ninki: ƙwaya kan kwafu sau biyu, ɗaya ta riƙe tsohon aiki, ɗayar ta sami sararin sauyawa. Ta haka ne ɗan Adam ya sami ƙwayoyi biyu maƙwabtan juna da ke bambance masa ja da kore, alhali asalinsu ɗaya ne.

Haka kuma an ga irin wannan ƙuru-ƙuru a gwajin da Richard Lenski ya fara a 1988 da rukuni 12 na bakteriyar E. coli. Wannan bakteriya ba ta iya cin sinadarin sitiret inda akwai iskar oksijin, amma bayan zuriya kusan 31,500 rukuni ɗaya ya iya. Binciken 2012 ya gano cewa ƙwayar da ke shigar da sitiret ce ta ninku, kwafinta ya faɗa ƙarƙashin wani makunni mai aiki cikin iska.

Masu ra'ayin Behe kan ce ai ƙwayar dama tana nan, jeri kawai aka sauya. Manazarta harshe da ke wannan taro sun san amsar: haruffan "rami" su ne na "mari", amma ma'ana ta bambanta, kuma ninka "ja" ya zama "ja-ja" ya haifar da abin da babu a da. Sabon jeri mai sabon aiki shi ne sabon bayani.

A taƙaice, littafin ya yi daidai wajen nuna yawan rushewa, ya kuskure wajen mayar da ita iyaka. Duk mai cewa bayani ba ya ƙaruwa, sai ya fara faɗin ma'aunin da yake auna shi da shi, sannan ya gwada ma'aunin a kan bakteriyar Lenski.