4.3 Salon Tambayoyin Halilu Ahmed Getso

Idan aka nazarci shirin Dandalin Siyasa da Halilu Ahmed Getso ya gabatar a gidan Rediyon Tarayya na Kaduna, za a ga cewa ƙarfinsa yana cikin tambaya. Al'adar Bahaushe ta tanadi kara da kunya ga manya, shi kuwa yakan tambayi ɗan siyasa kai tsaye, cikin Hausar da manomi zai fahimta. Sai dai masu yabonsa sukan manta da wani abu. A Jamhuriya ta Biyu, daga 1979 zuwa 1983, gidan rediyon mallakar Gwamnatin Tarayya ne, ita kuwa tana hannun jam'iyyar NPN. Ke nan duk tambaya mai zafi da ya yi wa jigon NPN, ma'aikaci ne yake titsiye masu biyansa albashi.