Jinjina ga Masu Ɓoye Akwati a Dartmoor

A shekarar 1854 wani ɗan jagora mai suna James Perrott, mutumin garin Chagford, ya ajiye kwalba a Cranmere Pool, wani tsohon tafki can cikin tuddan Dartmoor a kudu maso yammacin Ingila. Duk wanda ya sha wuyar ratsa taɓo ya isa wurin, sai ya jefa katinsa a ciki. Nan wasan ɓoye akwati ya samo asali, a yankin da aka daɗe ana haƙar kuza a da, inda har gobe ake ganin tsoffin ramuka da kangayen mahaƙa.

Magadan Perrott na yau nake jinjina wa. Mutum zai zauna da 'yar wuƙa ya sassaƙa hatimi a jikin roba, ya fitar da hoton tsuntsu ko na doki, ya haɗa da ƙaramin littafi a akwatin da ruwa ba ya shiga, ya cusa a ƙarƙashin dutse. Sai ya rubuta alamu: taku kaza daga wancan dutse, ka fuskanci gabas. Wanda ya gano zai buga hatimin a littafinsa, ya buga nasa a littafin akwatin, ya mayar da komai yadda ya tarar. Ko sisi babu wanda ke samu.

Amanar nan ce ta fi burge ni. Baƙo ya tarar da littafin ya jiƙe, zai goge akwatin da hannun rigarsa, ya rufe da kyau saboda wani da bai taɓa gani ba.

Wasan bai tsaya a Dartmoor ba: Amurkawa ma sun rungume shi bayan mujallar Smithsonian ta ba da labarinsa a 1998.