Darasin 'Ya'yan Dabbobi da Sifofi a Aji 4 Zuwa 6: Sharhi Bisa Yanayin Kafanchan da Kewayenta

1.0 Gabatarwa

Daga cikin darussan gina kalmomi a manyan azuzuwan firamare akwai sunayen 'ya'yan dabbobi da kuma sifofi. Abin da aka saba shi ne malami ya rubuta jeri biyu a allo, uwa a hagu, ɗa a dama, yara su haddace, sannan a ware wa sifa wani mako dabam. Wannan sharhi yana ganin cewa tsarin bai dace da ginin Hausa ba, kuma ya fi tauye ɗalibin da Hausa ba harshensa na farko ba ce.

2.0 Yanayin Harshe a Yankin

Kafanchan, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jama'a, ta bunƙasa ne bayan ta zama mahaɗar jirgin ƙasa a 1927. Aji ɗaya yakan haɗa 'ya'yan Fantswam da Bajju da Atyap da Ham da Hausawa da Fulani, kuma Hausa ce ke sada su a kasuwa da filin wasa. Sai dai harsuna irin su Tyap da Jju da Hyam ba sa raba sunaye zuwa namiji da tamace kamar yadda Hausa ke yi. Don haka ba abin mamaki ba ne a ji yaro ya ce “farin akuya” ko “kazan ya gudu”. Hasali ma, masana irin su Newman (2000) sun nuna cewa bambancin jinsi ya yi rauni ko a karin harshen Zazzau da na Bauchi.

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 2004 ta mayar da Ingilishi harshen koyarwa daga aji 4. Manufar harshe ta 2022 ta so a yi shekara shida ana koyarwa da harshen uwa, amma an sanar da janye ta a Nuwamban 2025. Ke nan lokacin Hausa a waɗannan azuzuwa kaɗan ne, bai kamata a ɓata shi a hadda kawai ba.

3.0 Raunin Tsarin Jeri

Rauni na farko shi ne kwaikwayon Ingilishi, wanda ke da kalma ta musamman ga ɗan kusan kowace dabbar gida. Irin waɗannan kalmomi a Hausa ƙididdigaggu ne: maraƙi, duƙushi, kwikwiyo, tsako, shila. Sauran kuwa ana gina su ne da ɗan, 'yar da 'yan, kamar ɗan jaki, 'yar tunkiya, 'yan awaki. Wannan ƙa'ida ita ce abin koyarwa, domin wanda ya riƙe ta zai iya ambaton ɗan kowace dabba. Har ila yau, jeri biyu yana ɓoye matakan girma waɗanda Hausa ta kula da su: maraƙa takan zama karsana kafin saniya, 'yar kaza kuma sagara kafin ta fara ƙwai.

Na biyu, ba a bayyana wa yara cewa ɗan yana da ma'ana fiye da ɗaya. A “ɗan jaki” haihuwa yake nufi, a “ɗan littafi” ƙanƙanta, a “ɗan kasuwa” sana'a. “Ɗan akuya” ma yakan nufi bunsuru, har akan yi zagi da shi.

Na uku, dabbobin da ake zaɓa sun fi kusa da rayuwar Kano ko Katsina. Yaron Kafanchan ya fi sanin alade da kare da kaza a kan raƙumi, ga shi kuwa kasuwar aladu ta Katsit tana ci kowace Alhamis. Ɗan makiyayi kuma ya san matakan girman shanu fiye da littafin.

Rauni mafi girma shi ne raba wannan darasi da na sifa. Sunayen 'ya'yan dabbobi wuri ne da jinsin kalma ya yi daidai da jinsin halitta, wato yaro yana iya ganin dalilin sauyin da idonsa:

farin maraƙi, farar maraƙa, fararen maruƙa
baƙin kwikwiyo, baƙar kwikwiya, baƙaƙen kwiyakwiyai
ƙaramin duƙushi, ƙaramar duƙusa, ƙananan duƙusai

A nan ɗalibi zai lura da ɗafin -n da -r, ya kuma gane cewa sifa tana iya bin suna ba tare da ɗafi ba: maraƙi fari. Daga nan ne za a kai shi ga sunayen da jinsinsu na nahawu ne zalla, irin su farar riga da farin wando. Idan aka tsallake wannan mataki, yaro zai haddace kalmomi, amma ya ci gaba da faɗuwa a rubutun insha'i ba tare da ya san laifinsa ba.

4.0 Shawarwari

i. A haɗa darussan biyu su zama rukuni ɗaya a manhaja, kowane suna ya zo da namiji da tamace da jam'i.
ii. A faɗaɗa sifofi daga launi da girma zuwa irin su ƙosasshe, ramamme, mai ƙiba da maras ƙarfi, a bar amsa-kama irin su mitsitsi zuwa aji 6.
iii. Malami ya tantance kalmomi a ƙamusun Bargery na 1934 ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006.
iv. A nemi yara su kawo sunayen daga harsunan gidajensu don kwatantawa.
v. Kwalejojin horar da malamai, irin su ta Gidan Waya, su ba da ƙarfi ga dabarun koyar da Hausa a matsayin harshe na biyu.

5.0 Kammalawa

Yaron da ya ce “farin akuya” yana bin tsarin Hausar da ya tashi yana ji ne. Aikin makaranta shi ne ta ƙara masa Daidaitacciyar Hausa ba tare da ta kunyata shi ba. Ma'aunin nasarar darasin kuwa shi ne ɗalibi ya iya sifanta 'yar akuyar gidansu a jimla uku, jinsi da adadi duk sun daidaita.