3.4 Akun Indiya a Fadar Hausa: Aro da Sarrafawa a Magana Jari Ce

Akwai masu ganin cewa Abubakar Imam (1911-1981) bai ƙirƙiri komai ba a Magana Jari Ce, wanda littafinsa na farko ya fito a 1937, illa dai ya kwaso labaran Alfu Laila da na Turawa ya naɗa musu rawani. Wannan bincike bai gamsu da hakan ba, kuma aku shi ne hujja.

Asalin akun nan Indiya ne, cikin Shukasaptati, littafin Sanskirit mai labarai 70, wanda Farisawa suka mayar Tutinama. A can, matar wani fatake ce ke shirin zuwa wurin kwartonta bayan mijinta ya yi tafiya, aku yana tsare ta da labari kowane dare. Imam ya ɗauki wannan zubi, amma ya sauya abin da ake gudu. Musa ɗan Sarki Abdurrahman ne ke ƙoƙarin fita zuwa fagen fama, Waziri kuwa yana jiran ya bar gida don ya halaka shi. Ke nan gadon sarauta ake karewa, ba amanar aure ba. Da ma littafin na 'yan makaranta ne, zancen kwartanci ba zai shige a gaban malamai ba.

Sai dai sauyin ya zo da hasara. A Shukasaptati mace ce mai sauraro, kuma shawararta ake jira kowane dare. A wajen Imam an ba yarima wannan gurbi, aka bar mata cikin ƙananan labaran da aku yake bayarwa.