Mudu Aka Nema, Me Ya Kawo Buhu?

Duk lokacin da ka buɗe manhaja a wayarka ka ga jerin sunaye da ɗan hoto a gefen kowanne, akwai cinikin da aka ƙulla a bayan idonka. Manhajar ta aika saƙo zuwa wata kwamfuta mai nisa da ake kira saba, ta ƙofar da masu sana'ar ke ce wa API, sabar kuma ta maido da amsa. A yadda aka saba gina waɗannan ƙofofi bisa salon REST, wanda Roy Fielding ya fayyace a kundin digirinsa na uku a shekarar 2000, mai sabar ne ke yanke abin da zai shiga cikin amsa. Ka nemi bayanin mutum ɗaya don ka nuna sunansa kawai, sai a juye maka suna da adireshi da ranar haihuwa da ranar rajista da wasu gurabe barkatai da ba ka da abin yi da su. Mudu ka nema, an sauke maka buhu a ƙofar gida. Fiye da shekara goma ke nan ana ƙaura daga wannan tsari zuwa wanda mai nema zai lissafa guraben da yake so, a auna masa su kaɗai. Ina bayan wannan ƙaura, amma dalilin da aka fi tallata ta da shi ba shi ne ya ja ni ba, kuma wanda ya kuskure dalili zai kuskure kayan aikin da zai ɗauka.

Sunan da ya fi amo a fagen shi ne GraphQL. A 2012 Lee Byron da Nick Schrock da Dan Schafer suka ƙirƙire shi a cikin Facebook, lokacin da kamfanin ke sake gina manhajarsa ta waya, aka fito da shi fili a 2015, sannan a 2018 aka sanar da miƙa shi ga gidauniya ta musamman a ƙarƙashin Linux Foundation. Sai dai ba shi kaɗai ba ne a kasuwa, ba kuma shi ya fara ba. OData na Microsoft yana da `$select`. Ƙa'idar JSON:API ta 2015 ta ba ka damar rubuta `fields[articles]=title,body` a jelar adireshi. Google ya daɗe da `fields` a ƙofofinsa da dama, shi kuwa Twitter, da ya fitar da zubi na biyu na API ɗinsa a 2020, sai ya mayar da amsar asali ta kowane saƙo lambarsa da rubutunsa kawai, sauran sai ka tambaya da baki.

Abin da ake tallatawa shi ne tsimin data da sauri. Akwai gaskiya a ciki, musamman ga mai waya a inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, ko a ƙasa irin Najeriya da aka amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin farashi na kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Amma a auna da adalci. Rubutun JSON, wanda aka saba aiko amsa da shi, yana matsuwa ƙwarai da gzip, domin sunayen gurabe maimaita kansu suke yi, kuma hoto ɗaya da aka manta ba a rage girmansa ba kan cinye abin da tankaɗe gurabe ɗari ya tara. Abin da ya fi cutar mai raunin sabis ma yawan kai-komo ne tsakanin waya da saba, a nemi wannan a jira, a nemi wancan a jira. Wanda ya rushe tsarinsa gaba ɗaya don 'yan kilobait ya sayar da akuya ne ya sayi igiya.

Ribar da nake gani tana ɓangaren mai saba, kuma riba ce ta sani. Mutumin da ke aika wa kowa buhu bai san abin da ake ci a cikinsa ba. Ya san an karɓa, shi ke nan. Ranar da ya so cire wani tsohon gurbi, ko gyara wanda aka yi kuskuren suna tun farko, ba shi da hanyar sanin ko akwai wata manhaja a wayar wani da bai sabunta ta ba shekara biyu, wadda za ta faɗi ƙasa warwas in gurbin ya ɓace. Injiniya Hyrum Wright ya shahara da lura cewa in masu amfani da tsari suka yi yawa, babu wata ɗabi'arsa da ake iya gani wadda wani bai jingina da ita ba. Shi ya sa amsoshi ke ta kumbura: ƙari babu wuya, ragi kuwa babu mai ƙarfin halin yi, har a gaji a buɗe zubi na biyu a ci gaba da ciyar da na farko a gefe kamar tsohon doki. Da zarar an ce kowa ya faɗi abin da yake so, kowace buƙata ta zama shiga a littafin lissafi. Mai saba zai duba ya ga gurbi kaza manhaja uku ke nemansa, gurbi kaza kuwa wata shida babu wanda ya taɓa shi. Sai ya sa wa na farkon alamar tsufa, ya sanar da ukun nan, ya cire shi hankali kwance.

Google ya kai wannan tunani ƙarshensa a sabon Places API, ƙofar neman bayanan wurare. A can babu amsar asali ko kaɗan: in ba ka lissafa guraben da kake so ba, kuskure za a maido maka. Kuma lissafin nan shi ne rasiɗinka. Adireshin shago yana matakin farashi na ƙasa, lambar wayarsa da lokutan buɗewa suna sama, sharhin masu ziyara ya fi su duka tsada, kuma gurbi mafi tsada da ka ambata shi ke yanke kuɗin da za a caje ka. Mutum na iya jin haushin farashin, amma tsarin ya faɗi gaskiyar da tsohon salo ke ɓoyewa, wato gurabe ba nauyinsu ɗaya ba. Wani yana kwance a layi ɗaya na rumbun bayanai, wani kuwa sai an haɗa tebur huɗu ko an tambayi wata sabar kafin a samo shi.

Masu suka suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Na farko, ajiyar wucin gadi. In kowa amsa ɗaya yake karɓa, ana iya ajiye kwafinta kusa da jama'a a riƙa miƙa musu ba tare da an tashi sabar ba. In kowa da irin tasa, musamman a GraphQL da aka saba aika komai ta adireshi guda da POST, wannan sauƙi ya ragu sosai. Na biyu ya fi tsanani: ka ba baƙo wuƙa da nama. A API na GraphQL da GitHub ya sanar a 2016, ɗauki buƙata mai 'yan layuka da ke cewa a kawo ma'ajiyar lamba 100, a kowace a kawo ƙorafi 100, a kowane ƙorafi a kawo sharhi 100. Rubutun bai cika tafin hannu ba, amma abu 1,010,100 ya nema. Dole ta sa GitHub ya kafa iyakar 500,000 a buƙata guda, ya kuma riƙa ƙirga maki a kowace awa. Shopify ma, kamfanin shagunan intanet, yana lissafa tsadar kowace buƙata kafin ya aiwatar da ita. Har Facebook ɗin da ya haifi abin, manhajojinsa ba sa aika tambaya kara zube. Ana ajiye tambayoyin a saba tun lokacin gini, waya ta aika lambar tambaya kawai. Mai suka zai ce to ai an koma gidan jiya, ba cinya ba ƙafar baya. Ban yarda ba. Abin da aka janye shi ne sakin linzami, wanda dama bai kamata a yi alkawarinsa ba. Abin da ya rage shi ne mai gina fuskar manhaja ke rubuta jerin buƙatunsa da kansa, ba sai ya bi layi wurin masu saba ba, littafin lissafin nan kuma yana nan daram. Hasali ma, da shi ake iya yin iyakar, domin ba a sa wa abin da ba a auna ba farashi.

Inda nake ganin haɗarin gaske shi ne rikita zaɓi da izini. Ƙungiyar OWASP, a jerinta na 2019 na manyan raunukan API guda goma, ta sa zubar da bayanai fiye da kima a mataki na uku: saba ta aika komai, ta dogara da manhaja ta ɓoye abin da bai dace a gani ba, alhali duk mai ɗan wayo zai leƙa amsar tun kafin ta isa fuskar waya. Zaɓen gurabe yana rage wannan ɓarna, amma ba ya kulle ƙofa. In lambar wayar abokin ciniki ba ta fitowa sai an tambaya, kuma kowa na iya tambaya, labule aka saka ba ƙyaure ba. Kowane gurbi sai an tambayi wanda ya neme shi ko yana da hurumi, aikin nan kuwa yana da yawa, kuma shi ƙananan ƙungiyoyi suka fi tsallakewa.

Saboda haka ban ga dalilin da zai sa mutum uku masu manhaja ɗaya da saba ɗaya su ɗora wa kansu GraphQL da dukan lalurorinsa don sun ji Shopify ya wajabta shi ga sababbin manhajojin kasuwarsa daga Afrilun 2025 ba. Shopify yana hulɗa da dubban maginan da bai taɓa gani ba. Ku kuwa mai neman bayanin yana zaune a kujerar da ke gefenku. Ku rage amsar asali zuwa abin da ba makawa, ku ƙara `fields` ga mai son ƙari, ku tantance izini gurbi-gurbi, ku kuma riƙa rubuta wanda ya nemi me tun daga ranar farko.