Kifin James Bond a Kan Buhun Fulawa

A shagon wani tela da ke bakin Kasuwar Malam Atta aka soma gardamar. Wani malamin makaranta, mutumin da nake ganin girmansa, ya miƙo mini wayarsa da hoton tsohuwar fostar fim ɗin The Spy Who Loved Me, irin wadda masu zanen Gana ke yi da fentin mai a kan buhun fulawa. Ga James Bond, ga kuma wani ƙaton jan kifi ya mamaye wuri kamar shi ne mai fim ɗin. Ya ce, "Malam, dubi abin da Turawa ke yi mana dariya da shi. Wanda ya zana wannan ko fim ɗin bai gani ba. Ƙarya ce aka shafa wa fenti." Kiran sallar la'asar ya raba mu kafin in ba shi amsa. Ga ta yanzu.

Tarihin gajere ne. Iyayenmu sun yi kallo a silimar Dunia ta Nima da Orion ta Circle. Dokar hana fitar dare da ta biyo bayan juyin mulkin Rawlings na 31 ga Disamba 1981, haɗe da fatarar shekarun nan, ta durƙusar da manyan gidajen. Sai bidiyo ya shigo unguwa: talabijin ɗaya, janareto, bencina, labule a ƙofa. Kaset yakan zo ba fosta, don haka masu gidajen bidiyo suka nufi masu zana allon aski da na gidajen abinci. A farke buhu biyu, a ɗinke su wuri guda, a shafe da fenti, a zana. Yadin buhu yana jure rana da ruwa da naɗewa, yana bin kaset daga Mamobi har ƙauye. Daga nan aka san su Joe Mensah da Leonardo da Heavy J da Stoger. Kafin ƙarshen shekarun 1990 fostar inji ta yi araha, talabijin ta shiga ɗakuna, kasuwar ta mutu. A 2000 wani Ba'amurke, Ernie Wolfe, ya tattara su a littafi mai suna Extreme Canvas, buhunan suka fara hijira zuwa ƙetare.

To, zancen ƙarya. Mu ɗaga labulen fim ɗin kansa mu ga da me aka gina shi. Ian Fleming ya fitar da littafi mai wannan suna a 1962, bai gamsu da shi ba, ya gindaya sharaɗin cewa sunan kaɗai za a ɗauka. Saboda haka furodusa Albert Broccoli da darakta Lewis Gilbert suka ɗauki suna suka ƙago labarinsu a fim ɗin 1977. A riƙe wannan: suna suka samu, sauran daga kansu ne. Tsallen nan na farkon fim, inda Bond ya faɗo daga ƙwanƙolin dutsen ƙanƙara lemarsa ta buɗe da tutar Ingila, labari ya ce a Ostiriya ne. A dutsen Asgard na tsibirin Baffin a Kanada aka yi shi a 1976, kuma Rick Sylvester ne ya yi tsallen a kan dala 30,000. An kafa kyamarori da dama, guda ɗaya ce ta kama shi yadda ake so. Farar motar Lotus Esprit da ta zama jirgin ƙarƙashin ruwa, a labari tana gaɓar Sardiniya. A tekun Bahamas aka ɗauki nutsonta, kuma ƙwarya ce da ruwa ke cika cikinta, mai tuƙin yana shaƙar iska daga tukunya. Haƙoran ƙarfen da Richard Kiel ya sa a matsayin Jaws suna yi masa ciwo har ba ya iya riƙe su sai ɗan lokaci, sarƙar da ya gatsa kuwa baƙar alewa ce. Cikin katafaren jirgin dakon man da ke haɗiye jiragen yaƙi, ɗaki ne da Ken Adam ya gina a Pinewood, har ya gayyato Stanley Kubrick a ɓoye ya ba shi shawarar yadda za a haska shi. Wannan aiki ya kai sunan Ken Adam jerin masu neman kyautar Oscar, kuma ya cancanta. Ban taɓa jin wanda ya kira shi maƙaryaci ba. Me ya sa alewa za ta zama gwaninta a Landan, fenti ya zama ƙarya a Ankara ta Gana?

Yanzu kifin. Malamin ya ce babu shi a fim. Akwai shi. Lokacin da motar ta fito daga teku ta hau rairayi a gaban masu shan iska, Roger Moore, wanda ya fito a matsayin Bond, ya sauke gilashi, ya fito da ɗan kifi da yatsu biyu ya yar. Daƙiƙa biyu ne ko uku, amma duk wanda ya kalli fim ɗin a cikin taro ya san nan ne ɗaki ke fashewa. Ƙari a kan haka, fim ɗin gaba ɗaya warin teku yake yi: mugun, Stromberg, a cikin ruwa ya gina fadarsa, yana jefa wa kifin shak mutane, burinsa ya hallaka duniya ya kafa sabuwa a ƙarƙashin teku, kuma a ƙarshe Jaws ya ciji shak ya kashe shi. Ta yaya za ka faɗi duk wannan a kan buhu biyu, ga mutumin da ke leƙe ta tagar motar haya ta trotro, wanda wataƙila ba ya karanta Turanci, kuma ba zai ba ka fiye da ƙiftawar ido ba? Mai zanen ya tattara tekun, da shak ɗin, da ɗan kifin ban dariyar, ya dunƙule su kifi ɗaya, ya ba shi jan launin da ke huda ƙura. Ko ya ga fim ɗin ko labarinsa aka ba shi, ya kama cibiyarsa.

Dabarar ke nan da na fi so a wannan sana'a: girman abu a kan buhu ba girmansa a duniya ba ne, girman nauyinsa ne a labari. Damtsen buloman, wato jarumin fim, yakan fi kansa don da damtsen zai ci nasara. Idon kila, wanda 'yan Kano ke kira bos, yakan yi jajir don a gane shi daga tsallaken titi. Bindiga takan yi tsawon mutum. Masu cewa ba su iya ma'aunin jiki ba su je su duba allunan askin da hannayen nan suka zana, inda kowace ƙeya take daidai. Sun iya, zaɓi suka yi.

Yawancin masu zanen ba Hausawa ba ne, amma kunnen ɗan zango ya riga ya san wannan harshe, don kirari ne. Idan maroƙi ya kira attajiri giwa, ba wanda ke neman haure a bakinsa. Idan makaɗi ya zuga ɗan dambe kafin a sa zare, ba rahoto yake bayarwa ba, jinin taro yake tsumawa. Fostar buhu maroƙiyar fim ce da ke tsaye a ƙofa, kuma ina ganin a nan fim yake kammaluwa, ba a Pinewood ba. Na sha tsayawa cikin yaran da ba su da kuɗin shiga, babba a cikinmu yana nuna zane da yatsa yana jero labari daga farko har kashe kila. Sau da yawa labarinsa ya fi na cikin ɗakin daɗi, kuma buhun ne littafinsa.

Inda nake ba malamin gaskiya wuri ɗaya ne. Yanzu da masu saye ke ƙetare, wasu sababbin zane-zanen ana cika su da jini da kawunan da aka sare a finafinan da ba a ko mari kowa ba, don mai oda dariya yake nema. Ba na zargin mai zane da neman abincinsa, amma wannan zugar ba ta da taron da take kira. Tsofaffin ana gane su: kusurwoyi sun yage da hujin ƙusa, fenti ya tsage a layin naɗi, sunan gidan bidiyon yana rubuce a jiki, wani lokaci tambarin kamfanin fulawa yana nan a baya. Irin waɗannan nake so a dawo da ko goma Nima, a rataye su inda yaran unguwa za su tsaya a gabansu.